Aikin gwamnati a Kano ko kamfani a Legas: yaushe kuɗin zai zo, nawa kuma zai rage a hannu?

Ɗan yayata ya zo gida bayan sallar isha'i riƙe da takardu biyu. Shekararsa 27, bai daɗe da gama bautar ƙasa ba. Takarda ɗaya ta wata hukumar gwamnatin tarayya ce, sun ɗauke shi a mataki na 8, za su ajiye shi a ofishinsu na Kano. Ɗayar ta wani kamfani ce a Legas, albashinta ya ninka na farkon sau uku. Ya ce, "Kawu, abokaina duk sun ce in ban tafi Legas ba na yi asara, Hajiya kuma ta ce aikin gwamnati shi ne aiki."

Na ce masa abokansa sun kalli albashin watan farko, Hajiya ta kalli ranar ritaya, shi kuwa shekarun da ke tsakani ne zai rayu a cikinsu. Tambaya biyu ce a gabansa. A wace shekara ta rayuwarsa kowace hanya za ta kai shi ga kuɗi mai kauri? Idan kuɗin ya zo, nawa garin da yake zaune zai bar masa?

Mu fara da tsanin gwamnati, don shi ne ake iya ƙirga matakansa tun daga ƙasa. Mai digiri yana shiga a mataki na 8. A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, daga mataki na 7 zuwa na 14 sai mutum ya yi aƙalla shekara uku a mataki kafin ya cancanci zama jarrabawar ƙarin girma, daga na 15 kuwa shekara huɗu. Ma'aikatan wannan layin ba sa taka mataki na 11, daga 10 sai 12. To, wanda ya shiga yana da 27 zai kai mataki na 9 yana da 30, na 10 yana da 33, na 12 yana da 36, na 13 yana da 39, na 14 yana da 42. Zai zama mataimakin darakta a mataki na 15 yana da 45, muƙaddashin darakta a mataki na 16 yana da 49, darakta a mataki na 17 yana da 53. Wannan fa idan bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba, kuma duk lokacin da ya isa akwai gurbi a sama. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san gurbin shi ne matsalar. Mutum yakan ci jarrabawa a ce masa babu kujera, ya sake jira.

Ritaya kuma tana jiransa a shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 da fara aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ke nan wanda komai ya tafi masa daidai zai yi shekara bakwai a saman tsani. Wanda bai samu shiga ba sai yana da 32 zai taka mataki na 17 yana da 58, ya yi shekara biyu ya ajiye. Duk shekarar da aka ɓata a ƙasa, daga shekarun sama ake cire ta. Shi ya sa yajin aikin malaman jami'a na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 ba zaman gida kawai ya jawo wa ɗalibai ba, ya ci musu wani yanki na mafi tsokar albashin da za su karɓa a rayuwa. Malaman makaranta sun samu sassauci, dokar 2022 ta kai musu ritaya shekara 65 ko 40 a bakin aiki, farfesa kuma sai 70. Ma'aikacin ofis yana nan a 60.

Abin da ya fi damuna da wannan tsanin shi ne lokacin da kuɗin yake zuwa. Mutum yana da 28 zuwa 40 yake buƙatar kuɗin lefe, da na haya, da na fili, da na makarantar yara ƙanana, lokacin kuwa yana tsakanin mataki na 8 da na 13. Sai ya haura 45 albashin yake yin kauri, lokacin babban ɗansa na jami'a, 'yarsa ta isa aure, iyayensa sun tsufa suna buƙatar magani. Kuɗin yana zuwa, amma yana tarar da masu jiransa a bakin ƙofa. Amfaninsa na gaskiya shi ne ba ya yankewa. Ba a korar ma'aikacin gwamnati don kasuwa ta faɗi, banki yana ba shi bashi da sauƙi don ya san wata zai ƙare, ƙungiyar adashin ma'aikata tana ba shi shinkafa da babur a biya a hankali, kuma yana tashi da sauran rana ya leƙa gona ko shago.

Kamfani ba shi da tsanin da aka rubuta a littafi. A banki, ko kamfanin sadarwa, ko na sarrafa abinci, ko na fasahar kwamfuta, yaro mai ƙwazo yana iya zama shugaban sashe tun bai kai 35 ba, yana karɓar abin da daraktan gwamnati bai taɓa gani a takardar albashinsa ba. Yawanci ma ba ƙarin shekara-shekara ne yake ɗaga mutum ba, sauya wajen aiki ne. Ka yi shekara biyu ko uku ka iya abu, wani kamfanin ya ɗauke ka da ƙarin da gwamnati za ta ɗauki shekara goma ba ta yi ba. Wannan damar kuwa a Legas ta fi yawa, don can hedikwatar yawancin bankuna da manyan kamfanoni take.

Sai dai ƙofar tana rufewa da wuri ta ɓangare biyu. Tallan ɗaukar sababbin ma'aikata na bankuna da manyan kamfanoni sau da yawa yana sa iyakar shekaru a wajen 26 zuwa 28, don haka mai 27 yana bakin ƙofa ne, in ya ce bari ya gwada gwamnati shekara huɗu ya dawo, zai tarar an rufe. A ɗaya ƙarshen kuma, wanda ya haura 45 bai shiga sahun manya ba, shi ake fara dubawa idan za a rage ma'aikata, saboda albashinsa zai ɗauki matasa biyu. Akwai kuma tarkon da yaranmu da yawa ba su gane shi sai sun shiga: aikin kwantiragi. Kana zaune a cikin banki, kana sanye da irin kayansu, amma wani kamfanin dillancin ma'aikata ne ya ɗauke ka, babu ƙarin girma, babu tabbas. Irin wannan ba shi ne aikin kamfanin da nake kwatantawa ba, kuma kada albashin watan farko ya sa mutum ya bar aikin gwamnati saboda shi.

Yanzu ga lissafin da muka yi a kan tabarma a daren. Alƙaluman na misali ne, kowa ya sa nasa, hanyar lissafin ce abin ɗauka.

Mu ɗauka Legas naira 450,000 ce a wata, Kano 150,000. Kafin kuɗin ya shiga asusu za a cire kashi 8 cikin 100 na fansho, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada, mai ba da aiki ya ƙara nasa kashi 10. Sai haraji. Sabuwar dokar harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta yafe naira 800,000 ta farko a shekara, daga nan kaso yana hawa yadda kuɗin yake hawa, don haka mai babban albashi ya fi jin cizon. A ce na Legas ya tashi da kusan 360,000, na Kano da kusan 125,000. Har yanzu tazarar mai faɗi ce.

Sai haya. Mu ɗauka ɗaki ciki da banɗaki a unguwar da ba ta yi nisa da wajen aiki sosai ba naira miliyan 1.8 ne a shekara, wato 150,000 duk wata. A Legas ba wata-wata ake biya ba, shekara ake ajiyewa gaba ɗaya, a ɗora la'adar dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya, kowanne yakan kai kashi 10 cikin 100, wani mai gidan ya ƙara da kuɗin ajiya ko za ka ɓata wani abu. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ko shekara ɗayar ce, yaron da bai karɓi albashi ko sau ɗaya ba daga ina zai samo sama da miliyan biyu? Bashi zai ci, ko Hajiya ta sayar da wani abu. Kuɗin mota, a ce 3,000 a rana, kwana 22, ya kama 66,000. Abinci na gwauro mai fita da asuba ya dawo bayan isha'i, a ce 4,000 a rana, 120,000 ke nan. Abin da ya rage 24,000 ne, ba a sayi katin wuta ba, ba a sa data ba, ba a yi maganar zuwa gida da sallah ba, tafiyar kusan kilomita dubu.

Na Kano yana ɗakinsa na soro a gidansu. Adaidaita sahu zuwa ofis da dawowa, a ce 1,200 a rana, kusan 26,000 a wata. Ya sa 40,000 a cefanen gida. Ya rage da kusan 59,000. Wato a shekarar farko mai albashi kashi ɗaya cikin uku ya fi mai babban albashin abin ajiyewa.

Da ya ga haka sai ya ce, "To ai magana ta ƙare, Kawu." Na ce ba ta ƙare ba, lissafin shekara ɗaya muka yi. Ka haɗa ɗaki da abokin aiki, hayar ta rabu biyu, ragowar Legas ta tashi daga 24,000 zuwa 99,000. Ka sauka wajen 'yan uwa a Agege ko Idi-Araba na wata shida, kamar yadda Hausawa suka saba tun kaka da kakanni, ka kauce wa bashin farko. Sannan ka tambayi kanka yadda shekara ta biyar za ta kasance. Na Kano zai kasance a mataki na 9, ƙarin da ya samu ɗan kaɗan ne. Kuma ya yi aure, ɗakin soro ya daina ɗaukarsa, shi ma ya shiga haya. Na Legas, idan aikin mai koyar da sana'a ne, yana iya kasancewa ya ninka albashinsa, hayarsa kuwa ba ta ninka da shi ba in bai biye wa ido ba. Haya da mota da abinci suna da inda suke tsayawa ga mutum ɗaya. Duk abin da ya hau bayan nan riba ce. Wannan shi ne sirrin gari mai tsada: yana cinye ƙaramin albashi ƙurmus, amma babban albashi ya fi ƙarfinsa.

Akwai abin da shekarun nan suka koya mana wanda Hajiya ba ta sa a lissafinta ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dala ta tashi daga wajen 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Mafi ƙarancin albashi kuwa ya zauna a 30,000 tun 2019, sai a Yulin 2024 aka mayar da shi 70,000, Kano ta sa 71,000, Legas 85,000. A wannan tsakanin mai shago ya sauya farashi duk mako, kamfanoni masu ƙarfi sun yi wa ma'aikatansu ƙari don kada su gudu, ma'aikacin gwamnati kuwa ya jira kwamiti. Albashin da ba ya yankewa yana iya narkewa a hannu. Wanda duk arzikinsa yake jiran shekara 50 ya jingina shi ne da darajar nairar da ba shi da iko a kanta.

Da a Abuja hukumar ta ajiye shi, da shawarata ta bambanta ƙwarai, kuma wannan ya kamata duk mai neman aikin tarayya ya sani. Tsarin albashin ɗaya ne a ko'ina. Mataki na 8 a Abuja da mataki na 8 a Kano ko Dutse kuɗinsu ɗaya. Tun da gwamnatin Obasanjo ta mayar da gida da mota kuɗi a cikin albashi a 2003, aka kuma sayar da gidajen gwamnati, ƙaramin ma'aikaci a Abuja shi yake nemar wa kansa wajen kwana. Shi ya sa kullum da asuba hanyar Nyanya da Mararaba take cushewa, mutane suna kwana a jihar Nasarawa suna aiki a sakatariya, wasu daga Suleja da Madalla a jihar Neja, wasu daga Kubwa da Lugbe da Gwagwalada. Albashin Kano ke nan da tsadar babban birni. Abin da Abuja take bayarwa shi ne kusanci da hedikwata, inda ake rabon kwas da tafiye-tafiye, inda manya suke ganin fuskarka. Wannan yana da amfani daga mataki na 13 zuwa sama. Ga mai mataki na 8, in an ba shi zaɓi, ofishin jiha ya fi masa.

Kada kuma a ɗauka zaman Kano kyauta ne. Sauƙinsa na gaske ne: hatsi kusa yake, wanda ya sayi buhun masara da gero a Dawanau lokacin kaka ya huta na watanni, haya ba ta kai ta Legas ba, yara suna da kaka da gwaggo masu riƙe su, wanda ga mace mai aiki wannan kaɗai ya kai albashin mai raino. Amma na kusa shi ake gani. Biki, suna, gudummawa, rashin lafiyar maƙwabci, kuɗin jarrabawar ƙani, duk a ƙofarka suke sauka, kuma ba ka da bakin cewa ba ka nan. Na Legas shi ma bai tsira ba, don a gida an riga an yanke cewa mai kuɗi ne, buƙatar da za a kawo masa ta waya ta fi girma. Bambancin kawai shi ne na nesa yana iya tsayar da abin da zai aika duk wata, na kusa kuwa kullum aljihunsa a buɗe yake. Akwai kuma abin da ba a sa masa farashi: awa uku ko huɗu a cunkoso kowace rana, ko da manyan motocin haya na BRT da layukan jirgin ƙasan da aka buɗe a Legas a 2023 da 2024 sun rage wa wasu unguwanni wahala, da kuma jana'izar da za a yi ba ka iso ba.

Ya tambaye ni batun abokinsa na firamare da ya bar makaranta ya shiga Kantin Kwari, yanzu yana da mota da mata. Gaskiya ne, kasuwa ita ce hanyar da ta fi saurin kai mutum ga kuɗi a ƙasarmu. Yaron shagon da ya fara yana da 16, ubangidansa ya sallame shi da jari bayan shekara takwas ko goma, ya riga ɗan boko tsayawa da ƙafarsa. Amma ana ganin wanda ya tsaya ne, ba a ƙirga waɗanda jarinsu ya karye. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 da ambaliyar Kantin Kwari ta 2022 sun mayar da masu shaguna da yawa baya a dare ɗaya, babu fansho, babu inshora. Kuma mai 27 da digiri ba zai koma ya fara daga ɗaukar kaya ba. Abin da zai iya shi ne ya haɗa: aikin gwamnati a Kano da ɗan jari a hannun amintacce, ko gona, wadda ita ce sana'ar da ƙa'idar aiki ta yarje wa ma'aikaci ya yi a fili. Yawancin ma'aikatan da na sani da suka yi gida kafin 40 ta wannan hanyar suka yi, ba da albashi zalla ba.

Ga inda na tsaya. Mai iyali, ko wanda shi ne ke riƙe da iyaye marasa lafiya, ko wanda yake da gida da gona da hanyar kasuwa a Kano, ya karɓi aikin gwamnati a Kano, ya san cewa albashin ginshiƙi ne kawai, ginin sai ya nemo daga wani wajen. Wanda ya haura 30 shi ma haka, don ƙofar kamfanoni ta fara rufe masa, kowace shekarar jinkiri kuma tana rage masa zama a saman tsani. Amma saurayi mara nauyi, mai ƙasa da 30, da aka ba shi aikin dindindin a inda zai koyi abin da ake nema a ko'ina, kamar lissafin kuɗi, ko injiniyanci, ko harkar manhaja, ko sarrafa kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa kasuwa, ya tafi. Ya tafi da wa'adi a ransa, shekara biyar ko bakwai, ya zauna zaman mai neman guzuri, ya sayi fili a gida kafin ya sayi mota a can. Mafi dacewa a duk lissafin shi ne albashin Legas da cefanen Kano, kuma ana samunsa: kamfanonin nan suna da rassa a Arewa, suna neman wanda ya san aikin kuma ya san mutanen, wasu ayyukan ma ta intanet ake yinsu in mutum ya tanadi sola. Amma sai wanda ya je ya iya ake turowa gida da babban muƙami.

Na ce ya kira kamfanin da safe ya tambayi abu huɗu, kuma ya nemi amsar a rubuce: shin ma'aikacinsu ne kai tsaye ko na kwantiragi, nawa ne zai shiga asusunsa bayan an cire komai, suna ba da kuɗin haya a dunƙule a farkon shekara ko a'a, kuma waɗanda suka shiga da irin matsayinsa shekara biyar da suka wuce ina suke yanzu. Uku daga ciki sun amsa masa kafin azahar. Aikin na dindindin ne, kuma suna ba da bashin haya a cire a hankali. Ta huɗun sai da ya nemo wani ɗan Zariya da ke aiki a can, wanda ya ce masa su shida suka shiga tare, biyu sun zama shugabannin sashe, uku sun koma wasu kamfanonin, ɗaya yana riƙe da reshen Kaduna.

Hajiya ce ta rage. Na je da kaina na same ta bayan la'asar, na ce, "Yaya, ki ba shi shekara biyar." Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko akwai wanda zai sauka a wajensa. Na ce akwai ɗan Baffa a Agege. Ta ce to a kira shi tukuna, ta ji muryarsa.